Yadda ake sa gilaida ɗaya ta zama biyu a Wasan Rayuwa na Conway

Wani ɗalibin lissafi da kwamfuta daga Marwa ya aiko da wannan tambaya: "Malam, barka da aiki. Na sa manhajar Golly a wayata ina koyon Wasan Rayuwa na Conway. Na gina bindigar Gosper, har na haɗa ƙofar da ke juya saƙo, inda akwai ya koma babu, inda babu ya koma akwai. Abin da ya gagare ni shi ne kwafi. Ina so gilaida ɗaya ta shiga, biyu su fita. Duk abin da na ajiye a gabanta, ko dai ta mutu, ko wurin ya watse gaba ɗaya. Yau sati uku ke nan. Ina kuskuren yake?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Kada sati ukun nan ya dame ka. A 1970 wasan ya fito duniya, amma sai a 1996 aka samu na'urar da za ta zauna shiru, gilaida ta buge ta, ta fitar da amsa, sannan ta koma yadda take ba tare da bindiga na taimaka mata ba. Shekara 26 ke nan, kuma waɗanda suka yi ta nema ba ƙananan masana ba ne.

Saboda masu karatu da ba su taɓa ganin abin ba, ga shi a taƙaice. A ɗauki allo mai gidaje kamar na dara, amma marar iyaka. Kowane gida ko yana raye ko yana mace, kuma yana da maƙwabta 8. A kowane taki, gidan da ke mace yana rayuwa idan maƙwabtansa 3 daidai suna raye, gidan da ke raye kuma yana ci gaba idan yana da rayayyun maƙwabta 2 ko 3, in ba haka ba ya mutu. Dokar ke nan duka. John Conway ne ya tsara ta a Kambirij ta Ingila, Martin Gardner ya yaɗa ta a watan Oktoba na 1970. A ajinmu da Faransanci muke kiran irin wannan tsari automate cellulaire. Gilaida kuwa wata siffa ce mai gida 5 da ke matsawa gida ɗaya a karkace duk bayan taki 4. Ita ce saƙonmu: in ta iso a lokacin da ake jiranta, 1 ke nan, in ba ta iso ba, 0. Bindigar da Bill Gosper ya gano a Nuwamban 1970 tana harba gilaida ɗaya duk taki 30.

Ina jin abin da ke cikin ranka shi ne hoton mai ban ruwa a lambun albasa na bakin mayo, wato kogi: ya sa fartanya ya fasa hanyar ruwa biyu, kowane fangali ya samu nasa. To, a can rabi-rabi suke samu. Rabin gilaida ba gilaida ba ce. Dole kowane reshe ya samu cikakkiya mai gida 5, a kan layin da ya dace, a takin da ya dace. Wannan ya sa wasu ke zaton matsalar ita ce inda za a samo ƙarin gidaje 5 ɗin. Ba nan take ba. Dokar Conway ba ta ƙidaya rayayyun gidaje balle ta hana su ƙaruwa. Zana siffar nan mai gida 5 da ake kira R-fentomino ka sake ta: za ta yi ta tafasa har taki 1103, ta watsa gilaida 6, ta bar tarkace ko'ina. Yawaita abu a wannan wasa arha ne. Abin da ke da tsada shi ne shara. Na'urar kwafi ta gaske ita ce wadda, bayan ta fitar da biyu, za ta share wurin tas, kowane gida ya koma yadda yake kafin saƙo na gaba ya iso. Kamar allon almajiri ne, sai an wanke kafin a ɗora sabon rubutu. Watsewar da kake gani ita ce ƙarfin da ake buƙata, abin da ba ka da shi tukuna shi ne linzaminta.

Kafin mu shiga nan, shawarata ka bar Wasan Rayuwa na kwana biyu ka buɗe Wireworld, yana cikin Golly ɗin da ke hannunka. Brian Silverman ne ya ƙirƙiro shi a 1987. Gida yana da hali 4: fili, waya, kan lantarki, wutsiyar lantarki. Kai yana zama wutsiya, wutsiya ta koma waya, waya kuma ta zama kai idan maƙwabtanta 1 ko 2 kawuna ne. Zana waya, ka yi mata reshe biyu, ka tura lantarki. Da ya iso mararraba, kowane reshe yana ganin kai ɗaya a gefensa, duka biyun sai su kama. Wutsiyar da ke baya ita ke hana shi komawa inda ya fito. Ka yi kwafi ba tare da gumi ba. Abin lura ɗaya ne: inda wayoyi suka cunkushe har gida ya ga kawuna 3, ba zai kama ba, saƙon ya tsaya a nan. Da wannan cikas ɗin ne ma masu gini suke yin ƙofofin lissafi da waya mai barin wucewa ta gefe ɗaya kawai.

Me ya sa abin ya zo da sauƙi haka? Domin a Wireworld hanya daban, saƙo daban. Waya ba ta lalacewa, dokar da kanta ke wanke allon cikin taki 2. Haka John von Neumann ya yi tun a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da yake neman injin da zai gina irinsa, Stanislaw Ulam kuma ya ba shi shawarar ya yi shi a kan allo mai gidaje. Gidansa yana da hali 29, kuma 4 daga ciki na mahaɗa ne, wato gidan da ke karɓar saƙo ya miƙa shi ga duk hanyoyin da ke fita daga jikinsa. Ya saka kwafi cikin dokar tun farko domin ya san ba za a yi komai ba sai da shi. Ya rasu a 1957 bai kammala ba, Arthur Burks ne ya tattara aikin ya fitar a 1966. Zoben da Christopher Langton ya yi a 1984, mai hali 8, kusan duk rayuwarsa a kan mararraba ɗaya take: umarni yana zagaya zoben, in ya iso mararrabar sai ya zama biyu, ɗaya ya ci gaba da zagaye, ɗaya ya bi hannun da ke gina sabon zobe. Cikin taki 151 ya haifi ɗa.

Conway bai ba mu waya ba. A wasansa saƙo da hanya da bango duk da abu ɗaya aka yi su, kuma duk abin da gilaida ta taɓa sai ya ji a jikinsa. Hanyoyin da aka bi aka shawo kan wannan uku ne, amma darajarsu ba ɗaya ba ce.

Ta farko ba zan daɗe a kanta ba. Akwai ƙananan siffofi masu zama shiru, irin su bulo mai gida 4 da kwalekwale mai gida 5. In gilaida ta bugi kwalekwale a daidai wurin da ya dace, sai ta juya kwana, kwalekwalen ya ɓace. Akwai kuma jerin irin waɗannan siffofi, biyu ko uku, da in an buge su gilaida biyu ke fita, wurin ya zama fili. Kwafi ne, amma na sau ɗaya, kamar ashana. Masu gina manyan injina suna amfani da su wajen tayar da gini. Kai da kake son ƙofar da saƙo zai riƙa bi kullum, ba za su yi maka ba.

Ta biyu ita ce ta fi kusa da abin da ka riga ka gina. Duba ƙofarka mai juya saƙo: gilaidar saƙo tana karo da gilaidar bindiga, duka biyu su ɓace, a samu giɓi ɗaya a jerin bindigar. Gilaida ɗaya, giɓi ɗaya. Ko ka juya sau biyu, saƙo ɗaya za ka samu, sai dai ya canja hanya. Dabarar ita ce a sa gilaida ɗaya ta yi giɓi fiye da ɗaya. Karon gilaida biyu iri 71 ne, ya danganta da layi da lokaci. Wasu ba sa barin komai, wasu suna barin bulo, wasu suna barin rikici. Akwai kuma wanda ake samun gilaida ɗaya ta juyo da baya ta nufi inda ɗayarsu ta fito. Conway da Elwyn Berlekamp da Richard Guy sun dogara da wannan a hujjar da suka buga a 1982 cewa wasan zai iya duk lissafin da kwamfuta ke yi. Gilaidar saƙo ta mayar da ta farko a jerin bindigar baya, wadda aka mayar ta yi gaba-da-gaba da ta biyu suka zama bulo, ta uku ta zo ta bugi bulon suka ɓace tare. Saƙo ɗaya ya buɗe giɓi 3 a jere, kuma wurin ya share kansa.

Daga nan sauran aikin lissafi ne. Ka kawo wata bindiga mai harbi jefi-jefi, ka saita ta yadda gilaidarta za ta tsallaka jerin daidai wurin giɓi na farko. In babu saƙo, wurin a cike yake, su yi karo su ɓace. In akwai saƙo, ta samu ƙofa a buɗe ta wuce: kwafi na ɗaya. Wata bindigar a gaba kaɗan ta nufi giɓi na biyu: kwafi na biyu. Abin da ya rage na jerin sai ka ajiye masa maciyi, siffar nan mai gida 7 mai kama da ƙugiya, wadda ke haɗiye gilaida ta gyara kanta cikin 'yan taki. Ka lura, babu ko ɗaya cikin kwafin biyu da ya fito daga jikin gilaidar asali. Ita ta mutu tun a karon farko. Izini kawai ta bayar, bindigogi suka biya. Injin Turing, wato samfurin kwamfuta, da Paul Rendell ya gina cikin wasan a 2000 da kayan taki 30 aka yi shi, cike da bindigogi masu juya saƙo da masu raba shi.

Ni dai ba na son wannan hanya, ko da yake da ita na fara. Bindiga uku ne ke aiki dare da rana ko saƙo ya zo ko bai zo ba, kuma dole su yi tafiya da kiɗa ɗaya. Saƙon ma dole ya iso a kan kiɗan. In ya makara da taki ɗaya, karon da zai yi ba wanda ka tsara ba ne, wani ne daga cikin sauran 70, tarkacensa kuma ya bi jerin ya koma ya cinye bindigar. Na taɓa kwana biyu ina saita irin wannan a nan Garwa cikin zafin Afrilu, ya yi aiki, ina murna, sai aka ɗauke wuta ban adana ba. Da na sake ginawa daga ƙwaƙwalwa na kuskure gida ɗaya a bindiga ta uku, na yi wani yinin ina neman inda ɓarnar take. Tun daga ranar nake adana kowane mataki da lambarsa.

Hanya ta uku ita ce wadda masu wannan sana'a suke bi a yau, kuma ita nake so ka ba lokacinka. Akwai wata siffa mai gida 7 da ake kira Herschel, sunan masanin taurari William Herschel. Ba ta zama shiru, tana fashewa ne, amma fashewarta tana da tsari, kuma a taki na 21 tana sakin gilaida. David Buckingham ya shafe shekaru yana nazarinta, a 1996 ya bayyana abin da za mu kira magudanai: jerin bulo da maciya da aka dasa a gefen fashewar, su ɗan lalace, su tanƙwara ta, su warke, har sabon Herschel ya fito a wani wuri, baya kuma ta zama fili. Sunan kowace magudana yana gaya maka aikinta. R64 tana juya shi dama cikin taki 64. L156 tana juya shi hagu cikin taki 156. F117 gaba take kai shi. Ƙaramin x a cikin Fx77 yana nufin ya fito a kife, kamar a madubi. Haɗa R64 huɗu su zama zobe, ka sa Herschel ɗaya a ciki, ka samu bindiga mai zagaye cikin taki 256.

To ga inda amsarka take. Duk lokacin da sabon Herschel ya fito a bakin magudana, yana sakin gilaidarsa. A yawancin gine-gine wannan gilaida fitina ce, shi ya sa za ka ga an ajiye mata maciyi a kan hanya. Cire maciyin. Yanzu Herschel ya wuce gaba ɗauke da saƙo, gilaida kuma ta fita gefe ɗauke da saƙon nan dai. Jera magudana uku ka cire maciya uku, ka samu kwafi uku, muddin babu abin da ya tare musu layi. A ƙarshe akwai ƙananan na'urori da ke kashe Herschel ɗin bayan ya saki abin da ake so, kamar wadda ake kira NW31, mai barin gilaidarsa ta farko da ta biyu su fita. Babu bindiga, babu kiɗan da za a bi. Na'urar tana zaune shiru ko shekara nawa, sai an taɓa ta.

Abin da ya ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne mashiga, wato yadda gilaida za ta zama Herschel. A nan ne batun shara ya fito fili. Ana ajiye bulo a matsayin koto, gilaida ta buge shi, fashewa ta tashi, a bi da ita har ta zama Herschel. Amma koton ya tafi, ko kuma an bar wani tarkace a wurin. Dole ɗaya daga cikin gilaidar da aka samu ta zagayo ta gyara. Na'urar farko da Paul Callahan ya haɗa a 1996 tana buƙatar taki 4840 kafin ta iya karɓar gilaida ta gaba. Stephen Silver ya sauko da shi zuwa 497 a 1998. A 2013 Mike Playle ya gano Snark, ƙaramin majuyi da ke karya gilaida kwana ya warke cikin taki 43, sai dai shi juyawa kawai yake yi, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita. A Maris na 2015 Tanner Jacobi ya gano wadda ake kira sirinji: gilaida ta shiga, Herschel ya fita, ta shirya karɓar wata bayan taki 78. Daga 4840 zuwa 78, aikin bai canja ba, saurin wanke allon ne ya canja. Saboda haka ginin da nake ba ka shi ne sirinji, sai magudana ɗaya ko biyu, sai mai kashe Herschel. Bakin sirinjin a matse yake, ba kowace magudana ke shiga wurin ba, ka gwada su ɗaya-ɗaya.

Yanzu ka kula da wannan, don ina zargin ko da ka samu na'urar da ta dace za ka sake faɗawa ciki. Bindigar Gosper taki 30 ce. Sirinji yana son 78. In ka juya bakin bindigar kai tsaye cikin sirinji, gilaida ta biyu za ta tarar da ta farko ba ta gama ba, komai ya tarwatse, ka ce na'urar ce ba ta da kyau. Sai ka rage jerin, ya zama gilaida ɗaya duk taki 90 ko 120, ko ka ɗauko bindiga mai jinkiri. Kuma a dogon gini, ɓangaren da ya fi kowa nawa wajen warkewa shi ke yanke saurin duka, kamar ayarin da ke tafiya da takun jakin da ya fi gajiya.

Bayan kwafin ya fita akwai sauran rina a kaba. Yawanci dalilin kwafi shi ne a sake haɗa rassan a gaba, a ƙofar lissafi, kuma sai sun iso a takin da ake so. Kwafi na biyu kullum a makare yake, gwargwadon tsawon magudanar da ya bi. Ana gyara wannan da Snark biyu da ke mayar da gilaida baya kamar lanƙwasar hanya. In ka ja su nesa da gida ɗaya a karkace, tafiyar ta ƙaru da gida 2, wato taki 8. Ka ga da ja kawai ba za ka samu jinkirin taki 3 ko 5 ba, sai 8, 16, 24. Ragowar sai ka nemo ta ta hanyar canja magudana. Sannan akwai launi. Ka ɗauka an shafa wa gidajen allon baƙi da fari bi da bi. Tunda gilaida a karkace take tafiya, launi ɗaya take bi har abada. Snark ba ya canja mata launi, ko guda nawa ka jera. In ƙofar da kake nufa tana son gilaidar baƙin gida, taka kuma ta farin gida ce, za ka yi ta matsar da kaya har asuba ba za su haɗu ba, kullum saura gida ɗaya. Maganin shi ne ka ɗauki kwafin daga wata mafita, ko ka sa majuyi mai canja launi. Duba launi tun kafin ka fara jan hanya.

Wani abu da zai nuna maka nauyin abin da kake nema: a wannan wasa karanta saƙo kashe shi ne, domin ba ka sanin gilaida tana nan sai ka buga ta da wani abu. Ma'ajiyar bayani ita ce zoben da gilaida ke zagayawa, kuma ba za ka karanta ta sau biyu ba sai da na'urar kwafi a bakin zoben, ɗaya ta fita, ɗaya ta koma, daidai da mararrabar Langton. Injin nan mai suna Gemini da Andrew Wade ya gina a 2010 yana gina irinsa ya rushe tsohon cikin taki 33,699,586, amma jerin umarninsa miƙa shi yake yi ga sabon, ba ya riƙe nasa, shi ya sa ake lissafa shi cikin siffofi masu tafiya irin gilaida, ba masu haihuwa ba. Wanda Dave Greene ya kammala a 2013 yana kwafin jerin umarnin, uwa ta zauna, ɗa ya samu nasa.

Kada ka zana waɗannan na'urori da hannu daga hoto, musamman a fuskar waya, gida ɗaya ya isa ya ɓata komai. A cikin tarin siffofin da ke zuwa tare da Golly akwai jaka mai suna Signal-Circuitry, ka fara da ita, ka kwafo magudanai ka liƙa. In ka haɗa, ga yadda nake gwada nawa. Tura gilaida ɗaya tak, ka bi ta taki-taki, kada ka kunna gudun HashLife tukuna, wato yanayin da Golly ke tsallen taki da yawa a lokaci guda, don yana tsallake daidai wurin da kake buƙatar gani. Bayan biyun sun fita, ka goge su, ka duba adadin rayayyun gidaje da Golly ke nunawa a sama: dole ya yi daidai da na kafin gilaidar ta shigo. In ya ƙaru da 4, akwai bulon da ya maƙale wani wuri yana jiran saƙo na gaba. Sannan ka tura biyu da tazara mai yawa, ka riƙa rage tazarar har ginin ya fashe, ka rubuta lambar ƙarshe da ya jure. Daga nan ka tura jeri mai giɓi, kamar 1, 0, 1, 1, ka tsaya a bakin kowane reshe ka ƙirga. In ka kai nan, ka turo mini fayil ɗin da lambar da ka samu, mu duba launin rassan tare.